Atishawar Surukina da Ciwon Sugan Ɗiyata

Ko zan manta komai na rayuwata, ba na jin zan manta shekarar da na ɗora wa atishawar surukina laifin ciwon ɗiyata. Yanzu idan aka tuna a gidanmu dariya ake yi, ni ma nakan yi, amma sai na fara sunkuyar da kai tukuna.

Ni tela ne a Nasarawa Burkullu. Na gama sakandare a Anka, kuma rediyona kullum a rataye yake jikin keken ɗinki, saboda haka aka mai da ƙofar shagona wurin kawo tambaya. Mai takardar asibiti ya kawo in karanta masa, wanda wayarsa ta rikice ya kawo, wanda ya ji rabin labari a kasuwa ya zo in cika masa. Abin da na sani in faɗa. Wanda ban sani ba ma in faɗe shi da muryar wanda ya sani. Ban taɓa jin wani ya kama ni ba, shi ya sa har na fara yarda da kaina.

Ɗiyar da nake magana a kanta ita ce ta biyu a cikin 'ya'yana huɗu, lokacin tana da shekara takwas. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba mai kiran sunan a gidan. Ni in ce "uwata", Inna ta ce "takwara". Inna kuwa ta shagwaɓa ta har abin ya wuce misali. Akwai wani kwano mai murfi a ƙarƙashin gadonta wanda ba ya rabuwa da mazarƙwaila da alewa, kuma duk jikokin sun san da shi, amma takwara kaɗai ke da iznin buɗewa.

Surukina, mahaifin maiɗakina, manomi ne a Gwashi. Dogon tsoho ne mai kunya, wanda zai wuni a wuri ba ka ji ya yi magana goma ba. Abu ɗaya ne Allah bai yi masa a hankali ba, shi ne atishawa. Idan ta taso masa sai ya ɗaga kai sama, ya buɗe baki, ya yi shiru kamar mai tuna wani abu, sannan ya sake ta. Kaji kan watse. Na taɓa ganin akuya ta tsinke igiya da idona. Da ya gama sai ya ce alhamdulillahi a hankali, kamar ba shi ya yi ba.

A tsakiyar daminar shekarar ya zo duba mu. Ruwa ya doke shi a hanya, ya iso sharkaf, washegari kuma rafin da ke tsakaninmu da su ya cika, ba halin komawa. Kwana tara ya yi a zaurenmu yana fama da mura mai ƙarfi. Ɗiyar tawa kuwa ba ta da aboki kamarsa. Yana kiranta "tsohuwa", ita tana ce masa "yaro", kwano ɗaya suke cin tuwo, moɗa ɗaya suke shan ruwa. Kafin ya tafi ta kamu: tari, majina, zazzaɓi, har kusan mako biyu. Bayanta sauran yaran suka ɗauka, maiɗakina ta ɗauka, ni ma na yi kwana uku ina ɗinki da tsumma a hanci. Muka warke, muka manta.

Sai bayan an gama girbin gero muka fara lura da wani abu. Yarinyar nan ta koma shan ruwa kamar raƙumi. Ta sha a randa, ta juya ta dawo ta ƙara. Fitsari kuwa ba iyaka, har ta koma jiƙa tabarma, abin da ta bari tun tana ƙarama. Tana ci sosai amma tana ramewa. Ni da nake ɗinka mata kaya na fi kowa gani, don rigar da na yi mata a sallah ta koma mata kamar ta aro. Na ce girma ne, tsawo take yi. Da muryar nan tawa na faɗa, aka yarda.

Wata rana da hantsi maiɗakina ta kira ni bayan gida ta nuna mini wurin da yarinyar ta tsuguna. Kiyashi ne suka taru baƙi ƙirin, kamar an zubar da zuma. Muka kalli juna. Ko a nan ma sai da na ce bari mu ga kwana biyu.

Ba mu samu kwana biyun ba. Washegari da safe ta tashi da amai, tana numfashi da ƙarfi kamar wadda ta yi gudu, idanunta suna lumshewa. Na saɓa ta a kafaɗa zuwa ƙaramin asibitin garinmu. Malamin asibitin ya soki yatsarta, ya ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ya duba, ya sake dubawa. Bai yi mini dogon bayani ba. Ya sa mata ruwa ya ce, "Ku kama hanyar Gummi yanzu, ba sai an jima ba." Wannan tafiyar ba na son tuna ta. Kan yarinyar a cinyar uwarta, ni ina riƙe da ledar ruwa a sama, duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar a ƙirjina ta faɗa.

Allah ya taimake mu. A rana ta uku ta buɗe ido ta ce tana son ƙosai.

Amma kafin nan wata magana ta riga ta shiga tsakaninmu. Tun ranar farko da aka ce ciwon suga ne, muna zaune a barandar asibiti, maiɗakina ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Na sha faɗa a rage ba ta zaƙin nan." Ba ta ambaci kowa ba. Ba ta kuma buƙatar ambata. Daga gida kuwa aka aiko mini cewa Inna ta ɗauki kwanon nan ta juye shi a masai, ta shiga ɗaki ta daina cin abinci, tana cewa ita ta kashe takwararta da hannunta.

Da wannan nauyin na shiga wurin likita ranar da za a sallame mu. Mace ce, ba ta da yawan shekaru, kuma da ganin idonta ka san ta gaji, amma ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce ciwon suga iri biyu ne, kuma na ɗiyata ba irin na manya ba ne. Akwai wani ɗan sashe a cikin ciki da ke samar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukari inda jiki zai yi amfani da shi. A irin wannan ciwon, garkuwar jikin yaro ce da kanta take rikicewa, ta ɗauki wannan sashen a matsayin abokin gaba ta lalata shi. Daga nan sai allura, kullum, har iyakar rayuwa.

Na ce, "Likita, shan zaƙi ne ya jawo?"

Ta ce, "A'a. Ko da ba ta taɓa lasar alewa ba, wannan zai iya samunta."

Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Da na tsaya a nan, da na koma gida da labari mai daɗi kuma na gaskiya. Amma sai na ƙara da cewa, "To me ya rikita garkuwar?"

Ta ce ba wanda ya sani tabbas. Ta tambaye ni ko yarinyar ta yi wata rashin lafiya a watannin baya, na ce ta yi mura mai tsanani da damina. Ta gyaɗa kai ta ce masu bincike suna zargin cewa wataƙila wasu ƙwayoyin cuta, har da masu kawo mura da tari, suna iya tayar da wannan rikicin a jikin yaron da dama can yana ɗauke da yiwuwar hakan. Ta ce ana nan ana dubawa, ba a tabbatar ba, kuma ba za ta iya ce mini abin da ya faru da ɗiyata ke nan ba.

Duk wannan ta faɗa. Na ji da kunnena. Amma kafin mu iso gida maganar ta ragu a kaina ta koma kalma uku: mura ce sila.

Ɗakin Inna na fara shiga. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na durƙusa na ce, "Inna, tashi ki ci abinci. Likita ta ce ba alewarki ba ta. Mura ta."

Ta juyo a hankali. "Mura?"

"Mura, Inna. Wadda tay yi da damana."

Na ga lissafin yana tafiya a fuskarta, daga damina zuwa zaure, daga zaure zuwa Gwashi. Sai ta tashi zaune, ta gyara kallabi, ta ce, "Ai ni tun ranar da nij ji atishawar nan nis san ba ta lahiya ba ta. Mutum shi yi atishawa hak kwano shi faɗo daga bisa? Ku kawo mani tuwo."

Ta cinye malmala biyu. Maiɗakina tana tsaye bakin ƙofa riƙe da ruwan wanke hannu, ta ji komai. Da muka fito ta ce, "Malam, haka likita tac ce?"

Na ce, "Ina kike lokacin da take bayani?"

Ta ce, "Ina haɗa kaya."

Na ce, "To ni ina ciki."

Daga ranar miyar gidanmu ta rasa gishiri, kuma ba wanda ya isa ya tambayi dalili.

Ni kuwa na shiga yaƙi da mura gadan-gadan. Na tattara ƙyallayen da suka rage a shago na ɗinka wa kowa na gidan takunkumi. Na Inna da atamfa mai furanni ja, na ƙaramin ɗanmu da ragowar shadda, har da aljihu, don gaban tsohuwar riga ne na yanke. Na kafa doka cewa duk wanda ya ji atishawa ta taso masa ya ruga bayan gida ya yi ta can. Baƙo idan ya yi sallama, kafin in amsa sai na saurari muryarsa, in na ji hanci a toshe sai mu gaisa daga nesa.

A shago kuma na ba da labari. Ba sau ɗaya ba. Kowa ya zo yi mini barka da dawowa sai na zaunar da shi na koyar da shi likitanci. Ranar farko na ce mura tana iya kawo ciwon suga. Rana ta biyu "iya" ta faɗi, ta koma mura tana kawo ciwon suga. Kafin ranar kasuwa wani ya zo shagona ya ba ni labarin, a matsayin sabon abu, cewa likitocin Gummi sun gano atishawa uku a jere ita ce shigar suga. Na ce masa haka ne, kusan.

Sanyi ya fara shigowa lokacin, rabin gari na tari. A masallacin unguwarmu wani dattijo ya yi atishawa ana jiran sallar la'asar, ya ce alhamdulillahi, ya jira a amsa masa. Ba wanda ya amsa. Da ya waiga sai ya ga na damansa da na hagunsa sun koma sahu na uku. Mata kuma suka ɗauki labarin kiyashi. Duk yaron da ya yi majina sai a ja shi bakin ramin kiyashi a ce ya tsuguna, uwa ta tsaya da sanda tana jiran sakamako. Wata maƙwabciyarmu ta wuni tana kuka don kiyashi sun taru, daga baya aka gano ɓawon rake ne a wurin.

Malamin asibitin garinmu ya zo shagona da kansa, fuskarsa ba walwala. Ya ce mutum ya fi arba'in a ƙofarsa, kowa da yaro mai majina, kowa na son a soki yatsa, abin gwajin da ya tanada don masu ciwon gaske ya kusa ƙarewa. Ya ce duk wanda ya tambaya sai ya ce a bakin tela ya ji.

Na ci gaba da taka keke na ce, "Malam, ba maganata ba ce. Babbar likita ta faɗa."

Ya ce, "Haka ta faɗa? Daidai haka?"

Na ce, "Kai dai ka ƙaro karatu."

Mutumin da ya ceci ɗiyata da 'yar na'urarsa, shi na gaya wa haka. Ya dube ni, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, mutanen Gwashi ma suna cin kasuwarmu.

Wata safiya ina share ƙofar gida sai na hango mutum tsaye gindin darbejiya, can ƙetaren hanya. Ya naɗe fuskarsa da rawani tun daga ƙarƙashin ido har wuya. Da tsawonsa na gane shi. Na yar da tsintsiya na tsallaka na durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa. Bismilla mu shiga."

Ya ja da baya taku biyu. "Nan ma ya isa."

A ƙasa kusa da ƙafarsa akwai ƙwarya cike da ƙwan zabi. Ya tura ta da ƙafa zuwa wajena, ya ce a kai wa tsohuwa, an ce mai irin ciwonta ba a hana shi ƙwai. Ashe yarinyar ta hango shi daga zaure. Ta fito a guje tana ihu, "Yaro! Yaro ya zo!" Ta rame, ƙafafunta kamar sillen kara, amma tana gudu. Tsohon nan ya ɗaga hannu biyu.

"Tsaya nan, tsohuwa! Kak ki matso!"

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta dube shi, ta dube ni. Shi kuma daidai lokacin atishawa ta taso masa. Na ga kansa ya ɗaga, ƙirjinsa ya cika. Sai ya danne hanci da hannu biyu ta saman rawani, ya dunƙule, jijiyoyin goshinsa suka fito, idanunsa suka yi ja suka kawo ruwa. Abin da ya fito a ƙarshe wani ɗan ƙara ne, kamar an taka ɓera. Ban san ko hawayen na atishawar ne ko na wani abu ba.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Malam, an ce ni nij jawo ma yarinyar ga ciwo. Kwana shidda ke nan ban ci abinci da jikokina na can ba, a rumbu nike kwana. In haka na, ina son in ji daga bakinka."

Mutumin da bai taɓa kallon idona ba saboda kunya, ranar ya kalle ni. Ni da nake da amsar kowace tambaya a garin nan, sai na sunkuyar da kai ina kallon ƙwaryar ƙwai. Daga bayana na ji muryar maiɗakina: "Jibi ne ranar komawa asibiti, Baba. Mu tai tare, ka ji da kunnenka."

Inna da ta ji, ta ce ita ma ƙafarta ƙafarmu, a yi ta a gabanta. Haka muka cika kujerar baya ta mota. Inna a wannan taga da takunkuminta mai furanni, surukina a waccan da rawaninsa, kowa na kallon gonakin gefensa kamar bai taɓa ganin kara ba. Sun gaisa sau ɗaya a tasha, gaisuwa mai tsawo kuma mai sanyi. Sau biyu a hanya surukina ya sa direba ya tsaya, ya sauka ya tafi can bayan wata tsamiya, muka jiyo atishawar daga nesa kamar an harba bindigar toka. Duk lokacin sai Inna ta ce, "Uhm."

Likita ta gama duba yarinyar, ta yaba da yadda uwar ke yin allura, sannan ta ɗago ta ga tsofaffi biyu da fuskoki a rufe. Ta ce, "Lafiya?"

Surukina ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce, "Ranki shi daɗe, ni na mai murar. Na zo a gaya mani gaskiya, in ni nih halaka jikata in sani, in je in roƙi Allah gahwara."

Ta ajiye biro. "Baba, wa ya ce kai ka jawo?"

Sai kai huɗu suka juyo wajena lokaci ɗaya, har da na ɗiyata.

Likita ta ce, "Malam tela, maimaita mini abin da na gaya maka."

Na gyara murya. Abin mamaki, a gabanta duk sai maganar ta dawo mini cif, har da wuraren da ta tsaya ta ja numfashi. Na ce ta ce masu bincike suna zargi. Na ce ta ce wataƙila. Na ce ta ce ba a tabbatar ba.

Ta ce, "Madalla, ashe ka riƙe. To ina ka kai 'wataƙila' ɗin?"

Maiɗakina ta ce, "A mota ya baro ta."

Likita ta danne dariya, ta juya ga tsohon. Ta tambaye shi mutum nawa suka kamu da murar a gidan. Aka ce kowa. Ta ce sauran yaran uku fa, suna da suga? Aka ce lafiyarsu ƙalau. Ta ce yaro yakan yi mura sau da yawa a shekara, daga makaranta, daga kasuwa, daga wurin wasa, kuma kusan duk yaran duniya haka suke yi su warke ba abin da ya biyo baya. Ta ce sau da yawa rikicin garkuwar nan yakan fara a ɓoye tun da daɗewa kafin a ga alama, ta yiwu tun kafin ya taka garinmu da daminar. Ko da wata rana bincike ya tabbatar da alaƙar, ba wanda zai iya nuna atishawa ɗaya ya ce ga wadda ta yi aikin.

"Kuma sai yaro yana da yiwuwar abin a jininsa tun asali," in ji ta. "Wannan kuwa gado ne."

Inna ta miƙe zaune. "Gado daga wane ɓangare?"

Surukina ma ya ɗago kai. Na ga sabon yaƙi yana shirin tashi a gabana.

Likita ta ce, "Daga na uwa, ko na uba, ko duka biyun. Kuma shi ma ba laifin kowa ba ne, Inna. Ba ke kika zaɓi jininki ba. Ku cire abubuwan nan daga fuska in ga da wa nake magana. Baba, in kana mura ka rufe hanci da ƙyalle ka wanke hannu, kamar kowa. Amma ka rungumi jikarka."

Tsohon ya fara warware rawani a hankali. Yana kaiwa zagaye na ƙarshe atishawa ta taso masa, kuma wannan karon ba tsamiya kusa. Ya kai gefen rawanin hanci, amma ina. Takardun kan tebur suka tashi. Wata ma'aikaciyar jinya ta banko ƙofa tana tambaya me ya faɗi. Shi kuma ya ce alhamdulillahi a hankali. Likita, tana tsintar takardunta a ƙasa, ta ce, "Yarhamukallah, Baba." Ɗiyata ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta faɗa jikinsa. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin girbi.

A tashar Gummi, muna jiran mota ta cika, na ja shi gefe na durƙusa a cikin mutane na ba shi haƙuri. Na shirya dogon jawabi, amma bai bar ni na kai rabi ba. Ya ce, "Tashi, Malam. Uwarka kaka son ta ci abinci, na gane. Amma da ka tambaye ni, da na ɗauki laihin a ɓoye, ba sai an kai shi kasuwa ba." Daga nan ya koma wurin Inna ya miƙa mata goro. Ta karɓa, ta ɓare, ta ba shi rabi, ta ce ita dai har yanzu tana ganin ya kamata a duba masa hancin nan.

Gyaran gari ya fi wuya. Na je na ba malamin asibiti haƙuri, ya karɓa, da sharaɗin in tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a in warware abin da na ƙulla. Na tsaya, na faɗa. Mutane suka saurara suka watse. Ƙaryar ta zaga gari cikin kwana uku, gyaran kuwa har yau bai gama zagawa ba. Bara ma wani baƙo daga wajen Bukkuyum ya kawo ɗinki, na yi tari, ya gargaɗe ni da in yi hankali, wai wani tela ya taɓa binciko cewa mura suga ce.

Ɗiyata yanzu ta zama budurwa, tana sakandare, ita ke yi wa kanta allura safe da yamma. Maganin yana cikin wani ɗan tulu da aka binne rabinsa a jiƙaƙƙen yashi a ɗakin Inna don kada zafi ya ɓata shi, kuma Inna ce mai gadinsa, ba mai taɓawa sai da izninta. Ciwon bai tafi ba, ba kuma zai tafi ba. Akwai ranaku masu wuya. Amma tana nan, tana karatu, tana yi mini gardama.

Abin da na koya shi ne, lokacin da ciwo ya shigo gida, zuciya ba magani take fara nema ba, mai laifi take nema, kuma duk wanda ya fi kusa ko ya fi shiru shi take kamawa. Ni na samu likita mai gaskiya wadda ta gaya mini iyakar abin da aka sani ta kuma nuna mini inda sanin ya tsaya, na ga gaskiyar ta yi mini gajarta na ƙara mata ƙyalle. Tsoho ya kwana shida a rumbu saboda ƙarin nan nawa. Har yanzu ana kawo tambaya ƙofar shagona, kuma har yanzu ina amsawa. Sai dai na koyi wata magana da a da nake jin kunyarta fiye da tsiraici, yanzu kuwa nakan faɗe ta sau biyar a wuni ba tare da na daina taka keke ba: "Wallahi ban sani ba, je ka tambayi malamin asibiti."